Babi na Shida: Hukuncin da Ya Iso Bayan Kasuwa Ta Watse

Ranar Juma'a ce, 7 ga Mayu, 2021, ana cikin goman ƙarshe na azumi, Kotun Ƙoli ta zauna a Abuja ta ce rusa zaɓaɓɓun majalisun ƙananan hukumomin Katsina da aka yi a 2015 haramun ne a tsarin mulkin ƙasa. Labarin ya iso yammacin jihar ta gidajen rediyo, mutane na hada-hadar shan ruwa. 'Yan siyasa sun yi ta buga wa juna waya ana barka. Shi kuwa manomin Wagini ko na Runka, in ma ya ji, abin da ke ransa a lokacin daban ne: damina ta ƙarato, kuma tunaninsa yana kan ko bana za a bar shi ya je gonarsa ta bakin daji.

Shekara shida ba wata biyu ke nan da aikata abin da kotun ta ce ba daidai ba ne.

Ga yadda aka faro. A 2014, a ƙarshen mulkin Gwamna Ibrahim Shehu Shema na PDP, an yi zaɓen ƙananan hukumomi 34 na jihar, Batsari da Safana na ciki, aka rantsar da ciyamomi da kansiloli. Shekara na zagayowa guguwar canji ta taso, Aminu Bello Masari na APC ya karɓi mulki ranar 29 ga Mayu, 2015. Sai sabon gwamna ya tarar da ciyamomin jam'iyyar da ya kayar zaune a kowace sakatariya, wa'adinsu bai ƙare ba. A watan Yuli ya sallame su gaba ɗaya, bisa zargin almundahana da kuɗin ƙananan hukumomi. Su kuma suka garzaya kotu. Ƙarar ta shiga kundin shari'a da sunan ɗaya daga cikinsu, Yantaba, shi da sauran abokansa a gefe guda, Gwamnan Katsina a ɗaya gefen.

Hujjarsu ba mai tsawo ba ce. Sashe na 7 na tsarin mulkin 1999 ya lamunce cewa ƙananan hukumomi za su kasance a hannun majalisun da jama'a suka zaɓa. Ciyaman ba kwamishina ba ne da gwamna zai naɗa yau ya cire gobe. Ƙuri'a ce ta kawo shi, kamar yadda ta kawo gwamnan. Ana cikin shari'ar ma, a Disambar 2016, Kotun Ƙoli ta yanke irin wannan magana a kan Jihar Ekiti, inda Kayode Fayemi ya rusa majalisu a 2010, ta ce ko da majalisar dokokin jiha ta yi dokar da ta ba gwamna wannan iko, dokar ba ta da ƙafar tsayawa. Wato tun daga wannan rana duk lauyan da ya san aikinsa ya san inda shari'ar Katsina za ta kwana. Duk da haka sai da aka ƙara shekara huɗu da 'yan watanni ana hawa matakala, ana ɗage zama, ana ɗaukaka ƙara. A ranar da aka yanke ta Katsina aka yanke ta Oyo, inda gwamnan PDP, Seyi Makinde, ya yi wa ciyamomin APC irin wannan aika-aika a 2019. Ranar ta nuna cewa cutar ba ta san jam'iyya ba.

To me suka samu? Kuɗi. Kotu ta ce a biya su albashi da alawus na ragowar wa'adin da aka datse musu. Kujera kam ba ta dawowa, domin wa'adin ya daɗe da shuɗewa; alƙali yana iya cewa a biya ka, amma ba ya iya dawo maka da 2015. Kuɗin kuma ba daga aljihun wanda ya sa hannu a takardar rusawar za su fito ba, daga baitulmali ne. Ashe talaka ya biya sau biyu: ya biya waɗanda aka ɗora a kujerun, ya kuma biya waɗanda aka hana su zama.

Akwai wanda bai shiga ƙarar ba, kuma shi ya fi kowa asara, wato mai ƙuri'a. Daga 2015 ba a sake zaɓen ƙananan hukumomi a Katsina ba sai Afrilun 2022. Kusan shekara bakwai sakatariyoyi na hannun manyan ma'aikata da kantomomin riƙo. Duk wanda ya san Batsari da Safana ya san waɗanne shekaru ne waɗannan. Su ne shekarun da dajin Rugu ya tashi daga wurin kiwo da itace ya zama sansanin 'yan bindiga. A Mayun 2019 aka kashe manoma a 'Yargamji, mutanen gari suka ɗauko gawarwakin a mota har cikin birnin Katsina don hukuma ta gani da idonta. A Satumbar shekarar gwamna ya shiga yawon sulhu da shugabannin daji. A Fabrairun 2020 aka afka wa Tsauwa da Dankar, aka kashe kimanin mutum 30. A Afrilu aka yi wata ɓarnar a yankunan Safana da Dutsin-ma da Ɗanmusa. A Satumbar 2021 aka katse layukan waya a wasu ƙananan hukumomi, har da Batsari da Safana. Makarantun firamare na cikin garin Batsari suka zama masaukin 'yan gudun hijira.

Ba ina cewa da an bar ciyamomin 2014 da ɓarayin daji ba su zo ba. Wannan magana ce ta 'yan siyasa, kuma ƙarya ce: ciyaman ba shi da soja, ba shi da ɗan sanda, Zamfara da ke maƙwabtaka ma ta sha nata. Haka nan kada mu yi wa kanmu daɗin baki game da zaɓen da hukumomin zaɓe na jihohi ke shiryawa, wanda jam'iyyar gwamna ke lashewa kaf, a zamanin PDP da na APC duka. Amma akwai bambanci tsakanin kansilan da zai dawo neman ƙuri'a a mazaɓarsa da kantoman da idonsa ke kan gidan gwamnati. Na farkon, ko banza, ana iya tare shi a wurin jana'iza a ce masa, “Honarabul, ga halin da muke ciki.” Na biyun ya san wanda ya ba shi, ya san kuma wanda zai iya karɓewa kafin la'asar. Mai irin wannan kujera ba ya ɗaga murya ya ce ƙauyukansa sun watse, sai dai ya rubuta rahoto mai laushi.

Zargin almundahanar fa? Nan ne nake ganin gwamnati ta cuci kanta. In da gaske wani ciyaman ya ci kuɗi, hanya a buɗe take: a bincika littattafansa, a kai shi gaban alƙali shi kaɗai da sunansa, ya kare kansa. Tun 1986, a shari'ar Garba da Jami'ar Maiduguri, inda aka kori ɗalibai bayan wata tarzoma, Kotun Ƙoli ta ce in abin da ake zargin mutum da shi laifi ne irin na kotu, kamar sata ko ƙone-ƙone, to kotu ce za ta tabbatar da shi, ba kwamitin cikin gida ba. Amma da aka yi wa mutum 34 kuɗin goro, sai mai gaskiya da marar gaskiya suka zama abu guda: dukansu waɗanda aka zalunta ne a idon doka. In akwai ɓarawo a cikinsu, korar ta wanke shi tas, har da ladan albashi.

Wannan na manya ne, masu manyan lauyoyi. Bari mu sauko ƙasa, inda takarda ɗaya ke raba mutum da tuwon gidansa.

Ma'aikacin gwamnati a ƙasar nan ya gaji tarihi mai ɗaci. A 1975 gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta share ma'aikata fiye da 10,000, wasu a rediyo suka ji sunansu, ba tuhuma ba bahasi. Mutane sun yi tafi a lokacin, domin akwai ɓata-gari da yawa a ciki. Sai dai darasin da waɗanda suka tsira suka ɗauka shi ne kujera ba tabbas, don haka a tara na gobe tun yau. A 1984 kuma gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta fito da doka mai lamba 17, wadda ta ba hukuma ikon sallamar ma'aikaci tare da toshe ƙofar kotu. Tsakanin waɗannan biyun, a ɗan zaman farar hula na Shehu Shagari, aka yi shari'ar da har yau lauyoyi ke dogara da ita. Wani lauyan Ma'aikatar Shari'a ta Tarayya, Shitta-Bey, an yi masa ritayar dole ba bisa ƙa'ida ba, ya kai ƙara, a 1981 Kotun Ƙoli ta ce a mayar da shi bakin aikinsa. Ma'anar hukuncin ita ce ma'aikacin gwamnati ba baran gidan kowa ba ne da za a ce masa tashi ka ba ni wuri. Dokokin aikin gwamnati suna da ƙarfin doka, kuma wanda zai kore shi sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya. A 1985 aka ƙara jaddada haka a shari'ar Olaniyan da Jami'ar Legas.

Ƙa'idojin ba ɓoyayyu ba ne, kowane tsohon akawu ya haddace su. Sai an ba mutum takardar neman bahasi, wadda ma'aikata ke kira kweri, an faɗa masa laifinsa dalla-dalla, an ba shi 'yan kwanaki ya amsa. In amsar ba ta gamsar ba, a kafa kwamiti, a kira shi, ya ga takardun da aka kafa hujja da su, ya yi wa masu shaida tambaya. Wanda ya kai ƙararsa ba zai zauna cikin masu yanke masa hukunci ba. Kuma ba kowane mai ofis ke da ikon kora ba: a tsarin ƙananan hukumomi, ma'aikaci daga mataki na 7 zuwa sama al'amarinsa na hannun hukumar kula da ma'aikatan ƙananan hukumomi ta jiha, ba na ciyaman ba. Akwai kuma tazara mai faɗi tsakanin sallama da kora, domin wanda aka kora ya yi ban kwana da giratuti da fansho, ko da saura shekara guda ya cika shekara 35 na aikinsa. In an tsallake mataki ɗaya, kotu na iya soke korar baki ɗaya, ta ce a lissafa albashin duk shekarun a biya shi kamar bai taɓa barin teburinsa ba. Mai aikin wucin gadi kuwa, irin masu shara da masu gadi da ake biya a hannu, wannan rumfa ba ta rufe shi ba.

A takarda ke nan. Na taɓa zama da wani malamin firamare, abokin yayana, a wani gari na wannan yanki, ya zaro wata takarda daga cikin littafin darasi ya miƙo mini. An ninke ta huɗu, gefenta ya yi baƙi saboda yawan taɓawa. Layi biyar ne da Turanci: an lura ba ya zuwa wurin aiki ba tare da izini ba, ya yi bayani cikin kwana biyu dalilin da zai hana a ladabtar da shi. Makarantar da aka tura shi tana wani ƙauye a bakin daji. Ya ce ranar ƙarshe da ya je, ya tarar da awaki kwance a aji uku, allo na nan da rubutunsa na makon jiya, yara kuwa babu ko ɗaya, iyayensu sun kwashe su cikin dare. A hanyar dawowa mai babur ɗin da ya ɗauko shi ya kashe inji suka tura da ƙafa, don kada a ji ƙara.

“To ƙanena,” in ji shi, “kai da ka yi boko mai zurfi, me zan rubuta? In ce na ƙi zuwa, na amsa laifi. In ce na je, na yi ƙarya. In ce babu ɗalibai, sai a ce ina ɓata sunan gwamnati.”

Muka zauna muka rubuta gaskiya, da kwanan wata, da sunan ƙauyen, da roƙon a sauya masa makaranta. Na ce ya yi kwafi biyu, ya sa a buga masa hatimin karɓa a kan nasa. Ya yi dariya ya ce wanda zai buga hatimin ma a birni yake kwana, sai ranar biyan albashi ake ganinsa. Wanda ya sa hannu a kwerin, shi ma rabonsa da wannan ƙauye tun kafin a fara satar shanu.

Dokokin aiki sun sa rashin zuwa aiki ba izini cikin manyan laifuffukan da ke jawo kora, kuma da gaskiyarsu. Kowa ya san akwai ma'aikatan bogi, akwai masu shago a kasuwa da sunansu ke cikin takardar albashi, akwai waɗanda suka fake da rashin tsaro alhali makarantarsu na bakin titi. Gwamnatin da ba ta iya korar irin waɗannan ba ta iya komai ba. Amma an rubuta dokokin ne da tunanin cewa hanya lafiya take, makaranta na nan inda aka gina ta. Abin da kawai zai raba malamin da ya gudu don ransa da wanda ya gudu don kasuwancinsa shi ne a zaunar da kowanne a saurare shi. Wannan sauraron, da sashe na 36 na tsarin mulki ya wajabta, shi ne abin da aka fi saurin tsallakewa in an tashi tantance ma'aikata, a dakatar da albashin ɗaruruwa a wata guda a ce kowa ya zo ya wanke kansa.

In an kori irin wannan malami, ina zai nufa? Tun gyaran tsarin mulki na 2010, duk rigimar aiki ta koma Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, babbar kotun jiha ba ta da hurumi a ciki. An yi haka ne don a samu alƙalai ƙwararru a wannan fanni, kuma an samu. Amma ga mutumin da albashinsa ya tsaya, kuɗin lauya da na mota da na kwana a birni duk ranar zama ba ƙaramin abu ba ne, ga shi ana iya zuwa a ce an ɗage. Malaman Jami'ar Ilorin 49 da aka kora a 2001 saboda yajin aiki, da ƙungiyar ASUU a bayansu, sai a 2009 Kotun Ƙoli ta mayar da su, wasunsu sun riga mu gidan gaskiya kafin ranar. Waɗannan masu digiri uku-uku ke nan. Shi ya sa ƙaramin ma'aikaci a Safana ba lauya yake fara nema ba. Yakan nemi wani dattijo ne da zai raka shi gidan wani babba bayan sallar magariba, a durƙusa a ce, “Yallaɓai, yaronka ne, a yi masa afuwa.” Sau da yawa abin na yi. Sai dai wanda aka mayar ta wannan hanya ya dawo ne da alfarma, ba da haƙƙi ba, kuma ranar zaɓe za a tuna masa.

Masu rawani ma ba su tsira ba. Sarkin Ruma, hakimin Batsari, da Yariman Katsina, hakimin Safana, sarautu ne masu tsohon tarihi, amma hakimi a yau albashi yake karɓa, ana ba shi kweri, ana dakatar da shi. Abin ya samo asali tun zuwan Turawa, waɗanda a 1906 suka tuɓe Sarkin Katsina Yero suka naɗa Durɓi Muhammadu Dikko. A 2021 an dakatar da hakimin Ƙanƙara, daga baya aka tuɓe shi, bisa zargin alaƙa da 'yan bindiga. Irin wannan zargi ya fi kowanne nauyi a yankin da aka binne mutane da yawa, kuma jama'a ba su da haƙurin jiran kwamiti. Amma dagacin da ke kwana a bakin daji, ba soja ba ɗan sanda, wanda ake aiko masa da saƙo a ce a tara kuɗi ko a ƙone gari, yana tsakanin wuta biyu. Ko maci amana ne ko wanda aka tilasta, ba a ganewa daga nesa.

Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta sake komawa kan maganar ƙananan hukumomi, a ƙarar da Antoni Janar na Tarayya, Lateef Fagbemi, ya shigar da jihohi 36. Mai shari'a Emmanuel Agim ya karanta hukuncin: a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, ba ta asusun haɗin gwiwa da gwamnoni ke riƙe da shi ba, kuma duk inda kantomomi ke mulki kada a ba su ko kwabo. Wannan karon kotu ta taɓa inda ke da zafi, wato aljihu, shi ya sa jihohin da suka shekara da shekaru ba zaɓe suka shiga rige-rigen shirya shi. Katsina, a ƙarƙashin Gwamna Dikko Umaru Radda, ta yi nata a Fabrairun 2025, APC ta kwashe kujerun ciyamomin duka.

Malamin nan kuwa ba a kore shi ba, ba a kuma amsa takardarsa ba. Bayan wata huɗu sunansa ya fito cikin jerin waɗanda aka sauya wa wurin aiki, aka kai shi wata makaranta a cikin gari, inda ya tarar da wasu daga cikin ɗalibansa na ƙauye zaune a ƙasa a bayan aji. Kwerin na nan cikin fayil ɗinsa, ba a janye ba. Ya ce duk lokacin da aka zo maganar ƙarin girma sai gabansa ya faɗi, don haka har yanzu kwafin amsarsa na cikin littafin darasin, ba hatimi a kansa.